Ɗinki da Sarrafa Tsofaffin Kaya a Gida: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Accra

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon ɗinki da matan gida suka fi yi a Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Madina. Awon da ke ciki duk na inci ne da yadi, domin da su teloli da masu sayar da yadi a Makola suke aiki. Yadi ɗaya inci 36 ne.

A ina ake samun ƙyalle mai araha wanda zai yi aikin gida?

Wuri uku. Na farko shagon telan unguwarku. Kullum yana share guntaye, kuma daf da Sallah buhu-buhu yake tarawa, wani ya ba ku kyauta, wani ku ba yaransa na koko. Na biyu Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo, kayan da ake kira obroni wawu. An fi buɗe sabbin dila da sassafen Laraba da Asabar. Mai neman rigar sawa shi ke sammako don zaɓin farko, amma mai neman abin yankawa ya jira rana ta ɗaga, lokacin da aka tara ragowa a ƙasa ana neman a rabu da su. Gobarar farkon Janairun 2025 ta ci babban ɓangaren kasuwar, an sake gina rumfuna, saboda haka layin da kuka sani a da ba lallai ne yana nan inda kuka bar shi ba. Ku tambayi layin zanen gado da labule kai tsaye.

Na uku gidan burodi, don buhun fulawa na auduga.

A gwanjo ku nemi abu mai faɗi wanda ba ɗinki a tsakiyarsa: zanen gado, rigar bargo, labulen otal, babban siket, rigar maza mai lamba babba. Rigar bargo ɗaya ta fi ƙananan riguna goma ba da ƙyalle mai amfani. Ku ɗaga shi ga hasken rana kafin ku biya. Inda haske ya fi ratsawa, galibi tsakiyar zanen gado, nan ya riga ya mutu.

Ta yaya zan gane auduga daga roba?

Ku zare ɗan zare daga gefe, ku riƙe da almakashi a kan kwano, ku kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, tokarta mai laushi ce tana murjewa. Poliyesta yana janyewa daga wutar, ya narke, ya bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri. Wannan gwajin dole ne ga duk abin da zai kusanci wuta: tsumman sauke tukunya, rigar girki, shimfiɗar guga. Ƙyallen roba idan ya narke manne wa fata yake yi.

Dole ne in wanke kafin in yanka? Sabuwar atamfa ce fa.

Dole. Sabuwar auduga tana tsukewa a wankin farko, tsohon ƙyalle kuwa ya riga ya gama tsukewarsa. Idan aka haɗa su ba wanki, ranar da aka fara wankewa sabon ya ja, tsohon ya tsaya, ɗinkin ya tattare kamar bakin jaka, kuma guga ba ta gyara shi. Ga kuma zuba: ku jiƙa gefen ƙyallen, ku danna farin tsumma a kai. In launi ya fito, kada a haɗa shi da fari. Gishirin da ake zubawa a ruwan wanki ba ya kama rinin da masana'anta ta riga ta yi. Abin da ke aiki shi ne a yi ta ɗauraya har ruwan ya fito fari.

Kayan gwanjo kuma akwai batun kuɗin cizo, wanda ke ɓuya a cikin kalmasa da bakin ɗinki. Zafi ne maganinsa: ruwan da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba ya iya zama a ciki, a jiƙa rabin awa, a shanya a rana, sannan a bi kowane ɗinki da dutsen guga mai zafi. Kada ku ajiye ƙunshin gwanjo a kan gado kafin a yi wannan. Parazone, wato bilic, na farar auduga ne kawai. Yana cin ulu da siliki, yana mai da ƙyalle mai roba ruwan ɗorawa, kuma ba a taɓa haɗa shi da wani maganin wanke bayi, domin iskar da ke tashi tana iya kwantar da mutum.

Ba ni da keke. Zan iya farawa?

Sosai. Allurar hannu, zare, almakashi mai kaifi da ba a yanka takarda da shi, tef, alli ko guntun sabulu da ya siranta, da fil. Ku koyi ɗinkin koma-baya: allura ta fito gaba, ta koma ta shiga inda ɗinkin baya ya ƙare. In aka yi shi ƙanana, kamar takwas a inci ɗaya, yana riƙe rigar matashi shekaru.

Kekena Butterfly ne na hannu. Zare yana dunƙulewa a ƙasan ƙyalle, me ya lalace?

Galibi babu abin da ya lalace, kuma laifin ba na ƙasa ba ne ko da yake a can ake ganinsa. Zaren sama ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba. Ku ɗaga ƙafar keken, domin sai ƙafa tana sama faifan suke buɗewa, ku cire zaren gaba ɗaya, ku sake sa shi tun daga farko. Ku riƙe wutsiyar zaren sama da na ƙasa a ɗinki uku na farko. Sai in wannan bai yi ba ne za a ƙara matsin sama kaɗan-kaɗan. Ɗan sukurun gidan bobin a bar shi ya zama na ƙarshe.

In keken yana tsallake ɗinki, allura ce. Ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an sa ta a juye. Allurar keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe a samanta. A irin wannan keken shafaffen gefen yana kallon dama, wajen mariƙin juyawa, zare kuma yana shiga daga hagu. Allurar keken masana'anta kanta zagayayye ne, ba ta zama daidai a keken gida, kuma masu shago sukan miƙo ta in ba ku tantance ba. Lamba 14 ta atamfa da zanen gado, 16 ta kaki da jins mara kauri, 18 ta jins mai kauri da buhu.

Mai kuma sai man keke, fari mai ruwa-ruwa, ɗigo ɗaya a kowane rami. Man gyaɗa da man girki suna daskarewa su zama danƙo, keken ya yi nauyi kamar ana niƙa. Iskar Accra tana ɗauke da laima da gishirin teku, musamman wajen Jamestown da Chorkor, don haka keken da aka bari a buɗe wata biyu zai yi tsatsa a farantin allura. Ku goge da tsumma mai ɗan mai, ku rufe.

Yadi nawa zan saya na labule?

A auna sandar labule, kada a auna tagar. Faɗin ƙyalle ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon sandar, in ba haka ba labulen zai rataye kamar zanen da aka shanya. Ga misali: sanda inci 48, tsawon da ake so inci 60. Atamfa faɗinta kusan inci 45 ne, falle biyu sun ba da 90, ya isa. Kowane falle a ƙara masa inci 8, huɗu na gidan sanda a sama, huɗu na kalmasar ƙasa, ya zama 68. Biyu 136, wato yadi huɗu ba kaɗan. Atamfa mai manyan zane a ƙara rabin yadi don zanen falle biyun ya zo kai ɗaya. In an sayi rabin turmi na yadi shida, ragowar ta isa rigar matashin kujera biyu.

Abu biyu ke kashe labule a nan. Rana tana cin launin atamfa ta bayan taga, saboda haka a yi masa shafi da tsohon farin zanen gado, shi ya sha ranar. Sai tagar luba: gilasanta in an buɗe suna shigowa ciki, suna kama labule har su yaga shi. A kafa sandar ta fito daga bango kamar inci huɗu. Kada a yi kalmasar ƙasa ranar da aka ɗinka. A rataye shi kwana biyu ya sauka, sannan a auna daga ƙasan ɗaki.

Rigar matashin kai fa, ba tare da zif ba?

Matashi mai inci 18 da 28: a yanka falle ɗaya, faɗi 20, tsawo 65. A kalmashe gajerun bakunan biyu da inci ɗaya-ɗaya. A shimfiɗa fuskar ƙyalle tana sama, a naɗo gefe ɗaya inci 28, sannan a naɗo sauran inci 7 ɗin a kansa, a ɗinke dogayen gefuna biyu da rabin inci, a juya. Wannan bakwai ɗin shi ne aljihun da ke hana matashin leƙowa. In an rage shi zuwa uku don tsimin ƙyalle, da safe za a tarar da matashi a waje.

Na tara guntayen atamfa cike da jaka. Yaya ake haɗa su su zama abin rufa?

Wannan shi ne abin da maƙwabtanmu ke kira asasaawa, kuma a nan ne aka fi ɓata ƙyalle da lokaci, don haka bari mu tsaya a kai.

A yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 6 kowane gefe, shi ne ma'auni. Kowane guntu a ɗora masa kwalin, a zana, a yanka yana bin tsayin zaren ƙyallen. Guntun da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin ƙafar keke, shi ke sa layi ya fi ɗan'uwansa tsawo. Da ɗinkin rabin inci kowane guntu zai koma inci 5. Abin rufa mai inci 60 da 80 yana cin guntu 12 a faɗi, 16 a tsawo, jimla 192. Ku ƙirga kafin ku fara, kada a kai layi na goma a ga jaka ta ƙare.

A manna tef ko a ja layi a farantin keke daidai rabin inci daga allura, kowane ɗinki ya bi shi. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, in ya maimaitu sau goma sha ɗaya a layi, ya wuce inci guda. A haɗa layi-layi, a goge bakin ɗinkin layi na farko zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe. Da an zo haɗa layukan, mahaɗun za su shige juna su kwanta, ba tudu.

Nauyi ɗaya ake haɗawa: atamfa da atamfa, jins da jins. Leshi, shifon da ƙyallen riga mai miƙewa a ware su. Ta fuskar ido kuma, atamfa kowace da surutunta take zuwa, in aka jera su ba mai raba faɗa sai ido ya gaji. A sa guntu mara zane, baƙi ko shuɗi mai duhu, tsakanin kowane biyu.

Baya a sa zanen gado. Soso ko bargo a tsakiya ba shi da amfani a zafin Accra, kuma a damina, daga Afrilu zuwa Yuli, abu mai kauri yakan kwana biyu a igiya bai bushe ba har ya fara wari. Falle biyu sun isa sanyin hunturu. A ɗaure gaba da baya da zare mai kauri a kowace mahaɗa ta biyu don kada su rabu a wanki.

Buhun fulawa yana yin zanen gado da gaske?

Na auduga yana yi, kuma yana ƙara laushi da wanki. Na roba da ake saƙawa kamar buhun shinkafa ba ya yi. Ɗinkin bakinsa sarƙa ne: in aka kama zaren ta gefen da ya dace sai ya warware gaba ɗaya a ja ɗaya, in ya ƙi a koma ɗaya gefen. A kakkaɓe, a fara wankewa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana dafa ragowar fulawar ta zama kunu a cikin saƙar. Bayan nan a jiƙa da sabulu kwana ɗaya, a tafasa, a shanya a rana. Rubutun yana dusashewa a hankali, wani ba ya fita duka. A haɗa buhunan da ɗinki biyu mai kwanciya irin na gefen wandon jins, don kada tudun ya dami mai barci.

Me zan yi da tsofaffin wandunan jins?

Jakar kasuwa, rigar aiki, murfin tumtum. A ja ƙyallen ta faɗi tukuna: in ya miƙe ya dawo, akwai roba a ciki, jakar za ta zama kamar hanjin rago da an zuba doya. A nemi mai tauri. Ƙafa biyu da aka farke suna ba da gaba da bayan jaka, ƙugun wandon kuma ya zama hannu. Hannun ya shiga jikin jaka inci biyu, a ɗinke shi da akwati mai gicciye a ciki, domin nan ne jaka take fara yagewa. Inda ɗinki ya taru ya yi kauri a buga shi da guduma a kan katako, a juya keken a hankali. Ƙarfen aljihu shi ke karya allura, a yanke shi tun farko.

Tabarmar goge ƙafa ta tsumma, tawa kullum sai ta kumbura kamar kwano.

An ja kitson da yawa wajen kwana. Ana yanka tsofaffin riguna masu miƙewa zobe-zobe, faɗin inci ɗaya da rabi, a yi kitso mai igiya uku, a naɗe shi a ƙasa ana ɗinke gefe da gefe. Riguna shida na manya sun isa ta bakin ƙofa. Zagayen waje ya fi na ciki tsawo, saboda haka a kowace kwana a saki kitson, a ɗan tura shi gaba. A yi aikin a kan tebur ko daɓe, ba a cinya ba. In kuma gefen ya yi tattara, an saki da yawa ne.

Akwai hanya mai sauƙi: buhun algarara irin na koko, kokon gona ba na sha da ƙosai ba. A yanka tsumma inci 1 da 5, a cusa kowanne ta ramin saƙar da tsinke, a fito da shi, a ɗaure, a cika su kusa-kusa. Tana da taushi amma tana shan ruwa, ta cikin ɗaki ce.

Zan iya cika tumtum da guntayen ƙyalle?

Za a iya, in an yanka su ƙanana kuma sun bushe ƙayau. Mai faɗin inci 18: da'ira biyu masu inci 19, da ɗamara mai tsawon inci 57 da rabi, faɗi 13. A yi masa riga biyu, ta ciki ta riƙe cikon, ta waje a riƙa cirewa ana wankewa. Yana da nauyi, kuma a ɗakin da daɓensa ke tsattsafo da laima zai yi funfuna ta ƙasa, sai an riƙa fitar da shi rana. Guntayen soso daga masu yin kujera sun fi sauƙi. Audugar rimi ta fi duka daɗi, amma wuta take kamawa kamar fetur, a nisanta ta da kurfoti, wato murhun gawayi, da maganin sauro na kunnawa.

Ledar fiya wata fa? Na ga ana yin jaka da ita.

Ana yi, kamfanin Trashy Bags a nan Accra ya daɗe yana ɗinka jakunkuna da ita. A farke kowace leda, a wanke da sabulu, a shanya ta bushe ciki da waje. A ɗora bakin ɗaya kan ɗaya rabin inci, a ɗinka da ɗinki mafi tsawo da keken yake da shi. Gajeren ɗinki yana jera ramuka kusa da juna, ledar ta tsage a kan layin kamar takardar rasit. Ba a sa fil, kuma ba a farke ɗinki a sake, kowane rami ya zauna ke nan. In tana manne wa ƙafar keke a sa takarda a kai, a yage bayan an gama. A yi ninki biyu, a naɗe bakin da ƙyalle. Ta dace da jakar sabulu da soso, murfin keke, ko shimfiɗar ƙarƙashin zanen yaro. Kada a narka ta da dutsen guga a cikin ɗaki.

Galan ɗin Kufuor da gwangwanaye?

Rawayen galan ɗin mai, da ya samu sunan a zamanin ƙarancin ruwa na mulkin Shugaba Kufuor, har mai fasaha Serge Attukwei Clottey yana yanka shi yana yin manyan ayyuka da shi. A gida, wanda ya tsage a kwantar da shi, a yanke gefe ɗaya, a huda ramuka takwas a ƙasa da ƙusa mai zafi, a ɗora a kan duwatsu. Na'a-na'a, alefu, ayoyo da barkono suna yi a ciki. Sai wanda aka san man girki ko ruwa ya ɗauka. Wanda ya taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ya wankuwa.

Gwangwanin Milo da Nido masu murfi sun fi kyau da ajiyar zare da maɓallai. Na tumatir bakinsa yana yanka, a danne shi da filaya. Duk abin da za a bari a tsakar gida, har da tayar da aka mai da kujera, a huda masa mafitar ruwa, domin sauro kwana bakwai zuwa goma kawai yake buƙata daga ƙwai ya tashi.

Katakon falet da ake sayarwa, wato wanda ake jera kaya a kai, ya dace da kanta ko benci?

A duba hatimin da ke gefensa. HT na nufin da zafi aka gasa shi, ba laifi. MB na nufin an yi masa hayaƙin guba, a bar shi. Wanda ya jiƙe da mai ko yake da ƙananan ramuka masu zubar da gari, shi ma a bar shi, ƙwaro ne a ciki kuma zai koma kan sauran katakon ɗaki. A huda ramin sukuru kafin a ɗaura, don busasshen falet yana tsagewa a baki. Ƙafafun kada su taɓa daɓe kai tsaye saboda gara da ruwan wanke ɗaki, a sa musu guntun taya.

Wane ƙyalle ne bai cancanci wahala ba?

Wanda aka ja da hannu biyu ya yage ba gardama. Wanda funfuna ta yi wa baƙaƙen ɗigo, domin tabon ba ya fita kuma zaren ya ruɓe. Fatar roba da ta fara ɓarewa. Tawul da ya yi warin da tafasawa ba ta cire ba. Waɗannan a yanka su tsumman goge-goge.

In ina so in sayar, yaya zan sa kuɗi?

A rubuta komai da sidi da pesewa: ƙyalle, zare, zif, allurar da ta karye, sabulun wanki, gawayin guga, kuɗin trotro zuwa Kantamanto da dawowa, da abin da aka ba kayayo mai dako. A raba kan adadin abin da aka fitar. Sannan a ɗora ladan awannin da aka zauna, a kwatanta da abin da telan unguwa yake karɓa a ɗinkin da ke cin lokaci irin wannan. Abin rufa mai guntu 192 yana cin kwanaki, kuma mai saye a unguwa da wuya ya biya su, shi ya sa ya fi dacewa da kayan ɗakin amarya ko wanda aka yi oda aka ba da rabin kuɗi. Masu fita da sauri su ne rigar matashi, jakar makarantar allo, da rigar girki, musamman makonni biyu kafin Sallah da lokacin komawar yara makaranta.